TUKUNYAR TUWO DA ADDU'A: YADDA ZA MU TSARE HANKALINMU

 

Kun saba jin maganar iri da taki da maganin ƙwari daga wurina. A wannan fitowa zan taɓa wani abu dabam, gama an yi mini tambayar da ta hana ni barci. A taron ƙungiyarmu na bayan girbi, da muka gama lissafin bashin taki, wata dattijuwa ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ina da tambaya, amma ba ta gona ba ce." Na ce, "Faɗi, Mama."

Ta ce, "Ɗana ya tafi noman rani wajen Bakalori. Ka san yadda hanya take yanzu. In na durƙusa, bakina yana addu'a, zuciyata kuwa tana daji. Ina rufe ido sai in ga hanya, in ji kamar ƙarar babura. Har na bar addu'ar safe, don ina gani kamar raina Allah nake yi. Shin Allah yana jin irin wannan addu'a?"

Wuri ya yi tsit. Can sai wani magidanci ya ce shi ma haka yake fama. Wani ya ce shi da ya ce "Ubanmu" sai lissafin buhuna ya shigo. Ni kaina ban tsira ba. Ranar nan ni na buɗe taro da addu'a, amma a tsakiyarta ina tunanin ko kuɗin motar ɗauko taki zai isa. Na amsa wa Mama gwargwadon iyawata, na kuma yi alkawari zan rubuta amsar sosai domin sauran ƙungiyoyi na Maradun da Bakura da Talata Mafara su amfana. Amsar kuwa daga madafar mahaifiyata na samo ta.

ME YA SA HANKALI YAKE GUDU?

Abu na fari, gajiya da yunwa. Wanda ya yini yana huɗa a rana, in ya rufe ido da dare barci ne zai zo. Almajiran Yesu ma barci ya kwashe su a Getsamani har sau uku, a daren da ya fi bukatar su tsaya tare da shi (Markus 14:32-42).

Na biyu, aikin da ba a gama ba. Akuya ba a ɗaure ba, niƙa ba a kai ba, bashi ya kusa. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota da na inji da na taki suka hau, lissafi ya yi wa kowane maigida yawa.

Na uku, tsoro. Wannan ba sai na yi muku bayani ba. Shekaru ke nan 'yan bindiga suna hana mu sakewa, mu da maƙwabtanmu Musulmi baki ɗaya. Akwai gonakin da aka bari, akwai iyalan da suka yi ƙaura.

Waɗansu sukan ɗora laifin duka a kan wayar hannu. Lalle waya tana da nata laifi. Amma ku tuna da watan Satumba na 2021, sa'ad da hukuma ta rufe layukan waya a duk Jihar Zamfara, aka kuma hana cin kasuwannin mako. Waya ta yi shiru makonni da yawa. Na ce a raina, to, yanzu zan yi addu'a da natsuwa. Ashe ba haka ba. Wayar ta mutu, zuciyata ba ta daina yawo ba, sai ma zulumin 'yan'uwan da ba na jin labarinsu ya ƙaru. A nan na gane matsalar tana ciki. Hankalin ɗan adam kamar ɗan akuya yake, ba ya tsayawa wuri ɗaya sai an koya masa.

YADDA NA KOYI TUƘA TUWO

Na san waɗansu maza za su yi dariya. Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, ƙannena mata kuwa sun zo a makare, saboda haka Inna ta sa ni a madafa tun ina ɗan shekara goma. Ba ta kiran sunana, kamar yadda al'ada take. In ta ga ina riƙe da muciya idona yana wajen yara masu ƙwallo, sai ta ce, "Kai wanga, hannu na ga tukunya, hankali na waje. Maido shi!" Ba ta duka, ba ta zagi. Kullum maganarta ke nan, "Maido shi."

Wannan koyo ya yi mini rana sa'ad da nake kwalejin horon malamai, ya kuma yi mini rana da maiɗakina take jego. A lokacin jegon ne na yi abin kunya. Na yi talge, na rufe tukunya, sai na ji maƙwabta suna maganar an ga baƙin babura a wani ƙauye. Na fita ƙofar gida jin labari. Labarin ya zama jita-jita, amma kafin in dawo ƙauri ya cika gida. Garin kwana guda ya tafi a banza, muka kwana da kunu. Tun daga ranar nake ganin tukunyar tuwo da addu'a halinsu ɗaya.

Bari in fara ba ku girkin yadda Inna ta gāda daga tata uwar, sa'an nan mu koma kan tambayar Mama.

TUWON DAWA NA GIDANMU (na mutum 6)

Kayan aiki: dawa rabin tiya, ruwa kamar lita 4, kanwa kamar ƙwayar gyaɗa a jiƙa ta a ɗan ruwa.

1. A tsince dawa. A fid da tsakuwa da duk ƙwayar da ta yi funfuna ko ta ruɓe. Hatsi mai funfuna yana ɗauke da dafin da yake lahanta hanta, dafuwa kuwa ba ta kashe shi. A surfa a turmi da yayyafin ruwa, a bakace, a ajiye dusa domin dabbobi. A wanke, a rege, a shanya ta sha iska, sa'an nan a kai niƙa.

2. A tankaɗe da rariya. Gari mai laushi gefe ɗaya, tsaki gefe ɗaya.

3. A ɗora ruwa ya tafasa. A ɗebi kamar kofi biyu a ajiye kusa. A dama tsakin da ruwan sanyi, a zuba cikin tafasasshen ruwan ana juyawa. Wannan shi ne talge. A tsiyaya ruwan kanwa kaɗan. Kada a cika kanwa, gama yawanta yana kashe waɗansu bitamin na cikin hatsi. A rage wuta, a rufe, a bar shi ya dahu kamar minti 20. Talgen da bai dahu ba shi ne yake sa tuwo ya yi ɗanye-ɗanye, ya kuma saki da safe.

4. Sai tuƙi. A riƙa zuba gari kaɗan-kaɗan ana tuƙawa da muciya, ana danna tuwon a jikin tukunya. In ya yi tauri da yawa, a sa ruwan zafin nan da aka ajiye.

5. A yayyafa ruwa kaɗan a kai, a rufe, a janye itace a bar garwashi kawai. A bar shi ya sulala kamar minti 10. A sake tuƙawa sau ɗaya, a kwashe da mara, a mulmula a ƙwarya, a sa a akushi ko kula.

MIYAR KUKA DA WAKE

Kayan aiki: wake gwangwanin madara 1, busasshen kifi gwargwadon hali, daddawa 2, albasa 1, barkono, citta, masoro, gishiri, man gyaɗa ko man shanu ludayi 1, garin kuka babban cokali 4 ko 5, ruwa kamar lita ɗaya da rabi.

1. A jiƙa wake, a surfa shi a fid da ƙwanso, a ɗan daka shi ya farfashe. A zuba a ruwa tun da fari, a dafa har ya narke. Yakan ci fiye da rabin sa'a, saboda haka a ɗora shi kafin tukunyar tuwo.

2. Ga asirin Inna: takan ɗan gasa daddawa a kan garwashi kafin ta daka ta tare da albasa da barkono da citta da masoro. Ƙamshin yakan fito sosai. In babu daddawar kalwa, ta batso ma tana yi.

3. A wanke kifi da ruwan zafi, a cire ƙaya da kyau saboda yara. A zuba shi da kayan dakan da mai da gishiri, a bari su dahu tare.

4. A rage wuta. A barbaɗa kuka kaɗan, a kaɗa da maburgi, a ƙara kaɗan, a kaɗa. A gidanmu yaro ne yake barbaɗawa, Inna tana kaɗawa. Minti 5 ya isa, a sauke.

Don me wake? Dawa tana ba da ƙarfin aiki, amma abin da yake gina jiki a cikinta bai cika ba. Wake yana da abin da dawa ta rasa. In an haɗa su a akushi ɗaya, yara suna samun abinci mai gina jiki ko da ba a sayi nama ba. Kuka kuma, a shanya ganyenta a inuwa. Wadda ta bushe a inuwa takan zauna kore shar, amfaninta kuma ya fi na wadda rana ta ƙone.

ABIN DA TUKUNYA TA KOYA MINI

Na ɗaya: a shirya kafin a ɗora tukunya.

Macen da ta iya girki ba ta hura wuta sa'an nan ta tafi neman rariya a maƙwabta. Itace, ruwa, gari, muciya, duk suna kusa da hannunta. Mu kuwa mukan faɗa cikin addu'a daga tsakiyar hayaniya, mu yi mamaki don me hankali bai zauna ba.

Ubangiji Yesu yakan tashi da asuba tun da sauran duhu, ya tafi inda ba kowa (Markus 1:35). Daniyel yana da lokatai uku a yini, yana da ɗaki da taga da ya saba (Daniyel 6:10). Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san amfanin tsayayyen lokaci, ga shi kuma sukan wanke jiki kafin su tsaya. Ka zaɓi lokacinka da wurinka, ko gindin rumbu, ko ƙarƙashin bishiyar gona. Ka ɗaure akuya tukuna, ka wanke fuska, ka kashe rediyo, ka ajiye waya a wani ɗaki. In dare ne barci yake kama ka, ka yi addu'arka kafin cin tuwo, ko ka yi ta a tsaye.

'Yan'uwa mata sukan ce ba su da lokaci, gaskiyarsu kuwa. Amma ku duba girkin nan. Akwai minti 20 na dahuwar talge, akwai minti 10 na sulala. Ba ki da halin barin wurin, hannunki kuwa ba ya aiki. Inna a nan take addu'arta, a kan kujerar tsugunno, idonta a buɗe yana kan wuta. Ba a rubuta ko'ina cewa sai an rufe ido Allah yake ji ba.

Na biyu: kaɗan-kaɗan ake zuba gari.

Wanda ya juye gari duka a lokaci ɗaya, muciya za ta ƙi motsi. Haka yake ga wanda ya kwaso dukan damuwarsa da ta duniya a numfashi guda. Ka ɗauki abu ɗaya, ka gama da shi, ka ɗauki na biye. Ka kuma yi magana a fili, ko da raɗa ce. Abin da baki yake faɗa kunne yana ji, hankali ya fi bin sa.

Akwai wani malamin ekklesiya a ƙasar Jamus, Martin Luta. A shekarar 1535 wanzaminsa, mai suna Bitrus, ya tambaye shi yadda ake addu'a, ya rubuta masa ɗan littafi. Ya ba shi misali da sana'arsa. Ya nuna masa cewa wanzamin da yake aski yana surutu yana kallon wani wuri, zai iya yanke wa mutum hanci ko maƙogwaro. In aski yana bukatar dukan hankali, balle magana da Allah. Shawararsa ita ce addu'a ta zama aikin fari da safe da na ƙarshe da dare, mutum kuma ya yi hankali da cewa "bari in gama wannan tukuna." Shi kansa yakan ɗauki Addu'ar Ubangiji gaɓa-gaɓa, ya tsaya a kan kowace gaɓa ya faɗi abin da take nufi a rayuwarsa. Ku gwada. In kun kai wurin roƙon abincin yini, ku tsaya, ku ambaci gonarku da rumbunku da maƙwabcin da nasa bai yi ba.

Wanda bai iya karatu ba, ga hanya mai sauƙi. Murhu duwatsu uku ne. Dutse na fari, godiya: ka ambaci abu uku da Allah ya yi maka tun jiya. Na biyu, tuba: ka faɗi laifinka da sunansa, kada ka kewaya. Na uku, roƙo: naka da na waɗansu. In hankalinka ya ɓace, ka tambayi kanka, a kan wane dutse nake? Sai ka ci gaba daga nan.

Na uku: in tuwo ya yi gudaji, ba a zubar da tukunya.

A nan amsar Mama take, ina roƙo ku karanta a hankali.

Ba wanda ya taɓa tuƙa tuwo bai ga gudaji ba. Gwana ma tana gani. Bambancinta da ɗan koyo shi ne ba ta firgita. Takan jawo gudajin da muciya, ta danna shi a jikin tukunya, ya murƙushe ya shiga cikin tuwon. Gudaji ai gari ne, bai dai haɗu da sauran ba tukuna.

Tunanin da yake shigowa cikin addu'a iri biyu ne. Akwai ƙanana: ban mayar da fartanyar wane ba, gishiri ya ƙare, Talata zan je kasuwar Mafara. Waɗannan tsoron mantuwa ne yake sa su naci. Ka ajiye takarda da fensir kusa, ka rubuta kalma ɗaya, ka koma. In ba ki rubutu, ki ƙulla bakin zanenki. Da zarar zuciya ta san ba za a manta ba, takan saki.

Akwai kuma manya: ɗa yana kan hanya, mata tana da ciki asibiti yana nesa, bashi ya fi amfanin gona. Waɗannan ba sa korarwa. Ko ka kore su sau ɗari za su dawo, gama su ne ainihin abin da yake zuciyarka. Mama, kin ce bakinki yana addu'a zuciyarki tana daji wurin ɗanki. To, ki sa bakin ya bi zuciyar. Ki bar jerin maganar da kika saba, ki ce, "Ya Uba, ga ni kuma a kan hanyar Bakalori. Ga yaron nan. Ina jin tsoro." Ki ambaci sunansa, da mashigin da kike tsoro, da abokan tafiyarsa. Abin da kike ɗauka yana ɓata miki addu'a, shi ne Allah yake jira ki kawo masa. Manzo Bulus ya koya wa Filibiyawa su mai da abin damuwarsu roƙo tare da godiya (Filibiyawa 4:6-7). Bitrus ma ya ce mu ɗora wa Allah nauyinmu domin yana kula da mu (1 Bitrus 5:7).

Wani bawan Allah a birnin Faris ta Faransa, ana kiransa Ɗan'uwa Lorans, tsohon soja ne da ya shiga gidan masu ibada. Aka sa shi aikin madafa, aikin da ba ya so, ya yi kamar shekara 15 a ciki. Ya rasu a 1691, amma har yau masu bi suna karanta wasiƙunsa. Ya koyi yin magana da Allah a tsakiyar tukwane da hayaniyar masu neman abinci. Shawarar da ya ba wanda hankalinsa yake yawo ita ce ya komo da shi a hankali ba tare da tā da rai ba, gama fushi da kai yana ƙara watsa hankali ne. Da na karanta wannan sai na yi dariya. Inna ba ta taɓa jin sunan Faris ba, amma maganarsu ɗaya ce: maido shi. In ya gudu sau ashirin, ka maido shi sau ashirin. Kowace komowa ita ma biyayya ce.

Na huɗu: a bar shi ya sulala.

Mai gaggawa yakan kwashe tuwo da ya gama tuƙi. Ido zai ga kamar ya yi, baki ne zai faɗi gaskiya. Mu ma mukan ce "Amin" muna riga mun miƙe. Bayan ka gama magana, ka zauna shiru minti biyu ko uku. Ka karanta aya ɗaya, ko ka tuna wadda aka yi wa'azi a kanta ran Lahadi, ka bar ta ta zauna. Sau da yawa a wannan shirun ne nakan tuna da wanda ya kamata in nemi gafararsa. Wata rana kuma nauyi yakan yi yawa har magana ta ƙi fita. Kada ka ce ba ka yi addu'a ba. Romawa 8:26 ta nuna mana Ruhu Mai Tsarki yana taimakon kāsawarmu, yana roƙo dominmu sa'ad da ba mu san abin da za mu ce ba.

INDA MISALIN YA TSAYA

Kowane misali yana da iyaka. Kyan tuwo ya rataya a kan gwanintar mai tuƙi. Jin addu'a kuwa bai rataya a kan gwanintarmu ba.

Ina tuna tuwon da na fara tuƙawa ni kaɗai. Gudaji ne tun daga sama har ƙasa, ga ƙanzo mai kauri. Na kai wa Baba a zaure jikina yana rawa. Ya wanke hannu, ya ci, ya cinye, ya ce, "Wa ya tuƙa?" Na ce ni ne. Ya ce, "Madalla. Gobe ma kai za ka yi." Sai da na girma na gane ba daɗin tuwon ya ci ba. Ɗansa ne ya kawo.

Allah yana jinmu saboda Yesu Almasihu, saboda kuma mu 'ya'yansa ne. Almajiran nan da suka yi barci a Getsamani, bai sallame su ba. Bayan tashinsa daga matattu ya same su a bakin Tekun Galili sun kwana suna aiki, ya hura garwashi, ya gasa kifi, ya kira su su karya kumallo (Yohanna 21:9-13). Saboda haka babbar hasara ita ce a daina addu'a gaba ɗaya. Wanda ya ƙone tuwo yau, gobe ma zai ɗora tukunya, gama iyali za su ci.

Ina ƙara cewa addu'a ba ta hana lura. Nehemiya da mutanensa sun yi addu'a, sun kuma sa masu tsaro dare da rana (Nehemiya 4:9). Ku riƙa tafiya gona tare, ku dawo da wuri, ku bar tafiyar dare, ku kuma daina yaɗa labarin da ba ku tabbatar ba. Jita-jita ta ƙone mini tukunya ɗaya, ta kuma ƙone addu'ar mutane da yawa.

MAGANA GA MAGIDANTA

Duk mun san labarin Marta da Maryamu (Luka 10:38-42). Marta tana fama da hidimar baƙi, Maryamu tana zaune tana sauraron Yesu. Mukan yi saurin ganin laifin Marta, muna kuwa jiran tuwonta. Ku lura, Yesu bai ce girki laifi ne ba. Abin da ya nuna mata shi ne abubuwa da yawa sun raba mata hankali. Kukan Marta kuwa shi ne an bar ta ita kaɗai.

Ɗan'uwa, matarka ta ɗebo ruwa, ta nemo itace, ta yi surfe, ta kai niƙa, ga goyo a baya, ga tata gayauna. Yaushe za ta zauna a gaban Ubangiji? In ka kawo itace a amalanke, in ka sa samarin gida ɗiban ruwa, in ka riƙe jariri minti 15 da safe, ka ba ta lokacin addu'a ke nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku koya wa 'ya'yanku maza girki kuma. Ban ga inda ya rage mini daraja ba.

ABIN YI A TARON ƘUNGIYA NA GABA

1. Kafin addu'ar buɗewa, shugaba ya ba da minti 2 na shiru, a kashe wayoyi. A ajiye littafin lissafi a rufe sai an ce Amin.

2. Kowa ya faɗi abu ɗaya da ya fi ɗauke masa hankali a wannan wata. A rabu biyu-biyu, maza da maza, mata da mata, kowa ya yi addu'a a kan na ɗan'uwansa. Sau da yawa ya fi sauƙi ka natsu a kan nauyin wani.

3. A karanta Luka 10:38-42, a tattauna: wane aiki ne a gidajenmu aka bar wa mutum ɗaya?

4. Zumuntar mata su gwada miyar kuka da wake, su aiko mana da labarin yadda yara suka karɓe ta. Wadda take da girkin da ta gāda a gidansu, ta ba sakataren ƙungiya ya rubuta, mu buga domin kowa.

Na sake ganin Mama bayan mako uku. Na tambaye ta labarin addu'ar safe. Ta ce, "Malam, na koma. Tsoron bai tafi duka ba, yaron ma bai dawo ba tukuna, sai an yanke shinkafa. Amma ina yi, a bakin murhu." Ina roƙonku ku tuna da ita da ɗanta, da dukan namu da suke noman rani nesa da gida.

Ubangiji ya tsare fitarku da shigarku, ya sa albarka a rumbunanku.

Naku cikin hidima,
Malamin Gona, Gidan Goga